Kyaftin Richard Burton da Kabarinsa Mai Siffar Tanti

An haifi Richard Burton a Ingila a 1821. Ya shiga soja a Indiya a 1842, ya koyi harsuna fiye da 20. A 1853 ya ɓad da kama ya shiga Makka. Da asirinsa ya tonu, da wuya ya tsira. Ya zo Abeokuta a 1861. Sai dai kash, duk iliminsa, littattafansa cike suke da raina baƙar fata.

Ya rasu a 1890. Matarsa Isabel ta sa aka gina masa kabarin dutse mai siffar tantin Larabawa a makabartar Katolika ta Mortlake, a Landan. A 1896 aka kwantar da ita gefensa. Akwai taga a bayan ginin, wanda ya hau tsani zai hangi akwatunan gawarsu.