Samanja Cari Maigumeri: Rayuwarsa da Gwagwarmayarsa a Aikin Soja

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da ake maganar tarihin aikin soja a Nijeriya, sunayen manyan hafsoshi ne suke fara zuwa bakin mutane. Ba kasafai ake tunawa da kurata da kofur-kofur da saje-saje ba, alhali kuwa su ne suka sha rana da ruwa a fagen daga, kuma iyalansu ne suka ɗanɗana ɗacin jira da rashi. Daga cikin 'yan kaɗan ɗin da sunansu ya tsira daga mantuwa akwai Samanja Cari Maigumeri, wanda takardun soja suke rubuta sunansa Chari. Wannan bawan Allah ya halarci yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ya yi aiki ƙarƙashin tutar Jamus da ta Ingila, ya kuma sami lambar yabo daga kowace. Wannan babi zai bibiyi rayuwarsa tun daga shigarsa soja har zuwa ajiye aikinsa, tare da waiwayar halin da 'yan mazan jiya da iyalansu suka sami kansu.

2.0 Asalinsa da Zamanin da Ya Taso

Cari mutumin ƙasar Barno ne, an kuma haife shi a ƙarshen ƙarni na 19. Laƙabinsa yana nuni da garin Magumeri da ke arewa maso yamma da Maiduguri. Wannan ya dace da al'adar bariki ta wancan zamani, inda akan rubuta sunan kurtu haɗe da sunan garinsu a maimakon sunan mahaifinsa.

Ya buɗe ido ne a lokacin da Barno take cikin ruɗani. A shekarar 1893 Rabe ya ci Kukawa da yaƙi, ya mayar da hedikwatarsa Dikwa. A shekarar 1900 kuma Faransawa suka kashe shi a Kusuri. Daga nan Turawa suka yi wa daular rabon gado: Ingila ta ɗauki kaso mafi girma, Faransa ta ɗauki nata, Dikwa da kewayenta kuwa suka faɗa hannun Jamus, aka haɗe su da Kamaru. Iyakokin nan sabbi ne, ba su hana talaka zirga-zirgar da ya saba ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga saurayi ɗan Barno ya tsallaka ya nemi abinci a wajen Jamusawa. A shekarar 1913, tun yana matashi, Cari ya shiga rundunar Jamus ta Kamaru.

3.0 Yaƙin Duniya na Ɗaya

Bai daɗe da sanya kaki ba sai yaƙi ya ɓarke a Turai a shekarar 1914, wutarsa kuma ta lashi ƙasashen Afirka da ke hannun Turawa. Garwa, wadda ke bakin kogin Binuwai, tana cikin wuraren da Jamusawa suka fi ƙarfafawa da ramuka da ganuwa a arewacin Kamaru. A ƙarshen watan Agusta na 1914 wata runduna ta taso daga Yola ta kai mata hari, amma aka fatattake ta, har kwamandanta ya rasa ransa. Cari yana cikin sojojin da suka tsaya wa Jamus a wannan yanki, kuma bajintar da ya nuna ta sa Jamusawa suka ba shi lambar jarumta.

A shekarar 1915 Ingilishi da Faransawa suka dawo da shiri na sosai, da manyan igwa, har da wadda aka ciro daga jirgin ruwan yaƙi aka hauro da ita ta Binuwai. Bayan kwanaki ana ɓarin wuta, Garwa ta miƙa wuya ranar 10 ga Yuni, 1915. Cari yana cikin waɗanda aka kama. Sansanin Jamus na ƙarshe a Kamaru, wato na dutsen Mora, ya sallama a watan Fabrairu na 1916.

A shekarar 1917 Cari ya shiga rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma ta Ingilishi, ɓangaren Nijeriya. An tura shi Afirka ta Gabas, inda ya fuskanci sojojin ƙasar da ta fara koya masa riƙon bindiga. Dakarun Nijeriya sun ji jiki a wannan fage. Yunwa da zazzaɓi sun addabe su a kwarin kogin Rufiji, sannan a watan Oktoba na 1917 suka yi asarar mazaje masu yawa a gumurzun Mahiwa, a hannun kwamandan Jamus Lettow-Vorbeck. A shekarar 1918 aka komo da su gida.

Mai karatu zai iya tambayar yadda mutum ɗaya zai yi wa iyayen giji biyu masu gaba da juna yaƙi. Amsar tana cikin yanayin zamanin. A lokacin babu ƙasa mai 'yanci da ake kira Nijeriya ko Kamaru wadda soja zai ce ita yake karewa. Aikin soja sana'a ce, amanar soja kuwa tana ga tutar da ya yi wa rantsuwa da abokan da yake kwana da tashi da su. Cari ya riƙe amanar Jamusawa har ranar da su da kansu suka ajiye makamai, ya kuma riƙe ta Ingilishi shekara 36 ba tare da tangarɗa ba.

4.0 Zamansa Samanja

Bayan yaƙi Cari ya ci gaba da aiki, yana hawa daki-daki. A cikin shekarun 1920 ya zama saje, ya zama samanjan kamfani, kafin ƙarshen shekarun kuma ya zama babban samanjan bataliya ta uku. Wannan shi ne ƙololuwar abin da baƙar fata zai iya kaiwa a lokacin, domin muƙaman hafsoshi na Turawa ne kaɗai.

Babban samanja shi ne ginshiƙin bataliya. Shi ke kula da fareti da tsafta da ladabtarwa, shi ne kuma tsani tsakanin hafsoshin Turawa da sojoji. Turawan sukan zo su yi 'yan shekaru su koma, shi kuwa yana nan daram, ya san kowane soja da halinsa. Idan rigima ta tashi a gidajen iyali, shi da magajiya, wato shugabar matan bariki, su ne suke kashe wutar tun kafin ta kai gaban Bature.

A nan ya kamata ɗalibin harshe ya lura da wani muhimmin al'amari. Tushen wannan runduna yana komawa ne ga ƙaramar ƙungiyar dakarun Hausawa da Gulba ya kafa a Legas a shekarar 1863, kafin Lugga ya tsara babbar rundunar a 1897. Tun daga nan Hausa ta zama harshen bariki, har ana bukatar hafsoshin Turawa su ci jarrabawarta. Barebari da Fulani da Zabarmawa da Tibi da Bacama da sauran ƙabilu duk da ita suke fahimtar juna, abin da ya haifar da nau'in Hausar da masana suke kira Barikanci. Ta wannan ƙofa ce kalmomi irin su soja da kofur da saje da samanja da kyaftin da manjo da kanar da bariki da fareti da fansho suka shigo Hausa suka zauna. Mutane irin su Cari, waɗanda suka shafe shekaru suna horar da kurata da Hausa, sun taimaka ƙwarai wajen yaɗuwar harshen, ko da yake ba da wannan niyya suka ɗauki aikin ba.

5.0 Yaƙin Duniya na Biyu

5.1 Fagen Habasha

Lokacin da yaƙin Hitila ya tashi a 1939, Cari ya riga ya haura shekara 40, amma bai nemi a bar shi a gida ba. A shekarar 1940 aka kwashi bataliya ta ɗaya da ta biyu da ta uku ta jirgin ruwa zuwa Kenya, domin fuskantar Italiya wadda ta mamaye Habasha take kuma riƙe da wani yanki na Somaliya. A watan Fabrairu na 1941 suka kutsa Somaliya, ranar 25 ga watan kuma birged ɗin Nijeriya ya shiga Mogadishu. Daga can suka nausa arewa, suka ci mil 744 cikin kwana 17 zuwa Jijiga, suka fasa mashigin duwatsun Marda, suka kama Harar. Ranar 6 ga Afrilu, 1941 Adis Ababa ta faɗa hannun dakarun ƙawance. A wannan yaƙi na Habasha ne aka ba Cari lambar jarumta ta soja wadda ake taƙaita sunanta da MM.

5.2 Fagen Bama

Da ƙura ta lafa a Habasha sai aka juya ga Japan, wadda ta ƙwace ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu. An kafa manyan rundunoni biyu daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Arakan. Wuri ne mai duwatsu da ƙoramu da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, inda mota ba ta da hanya. Da ka ake ɗaukar harsasai da kayan abinci, jiragen sama kuma su jefo guzuri daga bisa. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung, tsohon babban birnin Arakan. Cari yana cikin dakarun da suka yi wannan fama. A shekarar 1944 an ba shi lambar Daular Birtaniya, wato BEM, an kuma ambaci sunansa cikin rahotannin yaƙi saboda ƙwazonsa.

Sunayen wasu barikokin Nijeriya daga waɗannan fagage aka samo su. Dodan da Arakan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, duk wurare ne a ƙasar Bama, kamar yadda Mogadishu a Abuja take tuna yaƙin Somaliya.

6.0 Ajiye Aiki

A shekarar 1953 Cari ya je Landan cikin tawagar sojojin da suka halarci naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A wannan shekara ce ya ajiye aiki, aka kuma karrama shi da muƙamin kyaftin na girmamawa. Abin lura shi ne, a daidai wannan shekara ne wani saurayi ɗan lardin Barno, Zakariya Maimalari, ya kammala makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. Matsayin da Cari ya samu a matsayin tukuici bayan shekara 40 da fara sanya kaki, Maimalari daga kusa da shi ya soma. Bambancin ba na jarumta ba ne, na ilimin boko ne da sauyin zamani. Daga baya rundunar sojan Nijeriya ta sanya wa barikin Lokoja sunansa. Zaɓin ya dace, domin Lokoja tana cikin wuraren da rundunar ta fara kafa sansani.

7.0 'Yan Mazan Jiya da Iyalansu

Cari ya yi sa'ar samun girmamawa, amma dubban abokan famansa ba su samu ba. Albashin baƙin soja da kuɗin sallamarsa ba su kama ƙafar na Bature mai irin muƙaminsa ba. Da yawa sun dawo a 1946 da fatan samun aiki, suka tarar babu. A Ankara ta ƙasar Gana, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa tsofaffin sojoji wuta suna kan hanyar kai kokensu ga gwamna, suka kashe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Wannan lamari ya ƙara wa fafutukar neman 'yancin Gana ƙaimi.

Iyalai ma sun biya nasu farashin. Idan bataliya ta tafi ƙetare, mata da yara a gida ake barin su, suna dogaro da ɗan abin da ake yanka musu daga albashin maigida. Akasarin sojojin ba su yi boko ba, don haka wasiƙa sai an sami mai rubutawa a can da mai karantawa a nan. Mata da yawa sun shekara biyu ko uku suna renon 'ya'ya su kaɗai. Waɗanda mazansu suka kwanta dama kuwa ba su ga gawa ba, ba su ga kabari ba. Sunayen da yawa daga cikin mamatan Bama suna rubuce a jikin ginin tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda ƙalilan ne daga zuriyarsu suka taɓa takawa. A shekarar 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta amsa cewa ba a yi wa dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya adalci ba wajen adana sunayensu.

A Nijeriya an kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa a shekarar 1964 domin kula da jin daɗinsu. A da akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya ranar 11 ga Nuwamba, daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A fagen adabi kuma, wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ma tsohon soja ne, ya shigar da rayuwar bariki da harshenta cikin gidajen Hausawa.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Cari Maigumeri ya taso a Barnon da Turawa suka raba, ya shiga sojan Jamus a 1913, aka kama shi a Garwa a 1915, ya koma rundunar Ingilishi a 1917, ya yi yaƙi a Afirka ta Gabas da Habasha da Bama, ya ajiye aiki a 1953. Yaƙe-yaƙen da ya yi ba shi ya haddasa su ba, ribarsu kuma ba ƙasarsa ta komo ba. Duk da haka, horo da riƙon amanar da shi da ire-irensa suka dasa su ne rundunar sojan Nijeriya ta gada a lokacin samun 'yanci a 1960. Har yanzu akwai gidaje a Kano da Zariya da Maiduguri da Yola da suke ajiye da lambar kaka ko takardar sallamarsa. Aiki ne a kan malamai da ɗalibai su tattara labaran waɗannan mazaje daga bakin 'ya'ya da jikoki, su rubuta su da Hausa tun masu ba da labarin suna raye.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana dalilan da suka sa ɗan Barno ya sami kansa cikin rundunar Jamus a 1913.
2. Wace rawa babban samanja yake takawa a bataliya?
3. Kawo kalmomin aro guda 10 da suka shigo Hausa ta hanyar aikin soja.
4. Tattauna matsalolin da iyalan sojoji suka fuskanta a lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa.