Wilt Chamberlain, dogon da ya sa aka canza doka

A gidan kallon da muke zuwa a Kura, duk ranar da aka haska wasan Nikola Jokic sai gardama ta kaure, wai ba a taɓa yin ɗan tsakiya kamarsa ba a ƙwallon kwando. To jama'a, ku saurara tukuna ku ji labarin Wilt Chamberlain.

An haife shi a Filadelfiya ta Amurka a 1936. Tsawonsa ƙafa 7 da inci 1. Bayan jami'ar Kansas ya shiga gasar NBA a 1959. Ranar 2 ga Maris 1962 shi kaɗai ya zuba wa New York Knicks maki 100, kuma har yau babu wanda ya kamo shi. Abin haushi, ba a ɗauki wasan a talabijin ba. A wannan kakar, in aka raba, maki 50 yake ci a kowane wasa. Ya addabi kowa har a 1964 aka faɗaɗa filin da ke ƙarƙashin kwando don a nesanta shi.

Masu yabon Jokic da iya miƙa ƙwallo fa? A kakar 1967/68 Wilt ya fi kowa a gasar yawan miƙa ƙwallon da aka ci.

Duk da haka kofi 2 kacal ya ɗauka, a 1967 da 1972, alhali abokin hamayyarsa Bill Russell na Boston ya kwashi 11. Da wannan aka yi ta yi masa gori. Ni dai a ganina ba a yi masa adalci ba, don Russell ya fi shi samun abokan wasa.

Ya rasu a Los Anjalas a 1999, yana da shekara 63.