Leo Baekeland, Ɗan Mai Gyaran Takalma

An haifi Leo Baekeland a birnin Ghent na ƙasar Beljiyam cikin shekarar 1863. Ubansa mai gyaran takalma ne, uwarsa kuwa aikatau take yi a gidajen masu hali. Hukumar birnin ce ta ɗauki nauyin karatunsa a jami'a. Yaro bai ba da kunya ba, yana da shekara 21 ya sami digirin dakta a ilmin sinadarai.

A 1889 ya ƙaura zuwa Amurka. Can ya ƙago takardar wanke hoto mai suna Velox, wadda kamfanin Kodak ya saya da kuɗi masu tsoka a 1899. Da wani ne, da ya miƙe ƙafa. Shi kuwa sai ya koma ɗakin gwaji.

A lokacin nan masu aikin lantarki sun dogara ga wani ƙaro mai tsada da ƙwari ke fitarwa a Indiya. Baekeland ya yi ta dafa sinadaran fenol da fomaldehaid cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, har a 1907 ya sami Bakelite, robar farko da ba daga itace ko dabba aka samo ta ba. Lantarki ba ya ratsa ta, in ta daskare kuma zafi ba ya narkar da ita. Nan ta bambanta da robar da masana'antu ke gasawa ta yi laushi, a zuƙe iska ta lafe jikin abin da ake son siffarsa. Da Bakelite aka yi ta ƙera akwatunan rediyo da tarho.

Ya rasu a 1944. 'Yan'uwa ɗalibai, ashe talaucin gida ba hujja ba ce. Himma dai ba ta ga rago.