Narai

Narai (1632 zuwa 11 ga Yuli, 1688), wanda ake kuma kira Ramathibodi na 3, sarki ne na daular Ayutthaya, wato tsohuwar ƙasar Siyam wadda a yau ake kira Tailan. Ya yi mulki daga 1656 zuwa 1688. A zamaninsa Siyam ta buɗe ƙofarta ga baƙi fiye da kowane lokaci kafin nan: jakadun Faransa da na Farisa sun zo fadarsa, shi ma ya aika nasa har fadar Versailles. Masu tarihin kimiyya suna tunawa da shi saboda husufin watan da ya kalla tare da limaman Faransa ranar 11 ga Disamba, 1685. Littattafan da baƙin nan suka rubuta suna cikin tsofaffin bayanan da Turawa suka bari game da abin da mutanen Siyam suka yi imani da shi kan husufi, da abin da suke yi idan ya auku.

Farkon rayuwa da hawa karaga

Narai ɗan Sarki Prasat Thong ne, wanda ya mulki Ayutthaya daga 1629 zuwa 1656. Sunansa ya samo asali daga Narayana, ɗaya daga cikin sunayen Vishnu, abin bauta a addinin Hindu. Duk da cewa sarakunan Ayutthaya mabiya addinin Buddha ne, fadarsu tana riƙe da limaman Brahman masu gudanar da bukukuwan sarauta da duba taurari.

Da mahaifinsa ya rasu a 1656, ɗan'uwansa Chai ne ya hau karaga. Narai ya haɗa kai da baffansa Si Suthammaracha suka tumɓuke shi, baffan ya zama sarki. Zaman bai yi daɗi ba, domin bayan 'yan watanni Narai ya juya wa baffan baya, ya kai hari fada da taimakon baƙin da ke zaune a birnin, musamman Farisawa, ya karɓi sarauta a watan Oktoba na wannan shekara. Tun daga ranar ya fi amincewa da baƙi a kan manyan fadawan ƙasa, kuma wannan ɗabi'a ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Mulki

A farkon shekarun 1660 ya kai yaƙi arewa, rundunarsa ta ci Chiang Mai, ta kuma gwabza da Bama. Babbar matsalarsa dai ta fito ne daga teku. Kamfanin kasuwanci na mutanen Holan ya toshe bakin kogin Chao Phraya da jiragen ruwa, har aka ƙulla yarjejeniyar 1664 wadda ta ba kamfanin ikon fitar da fatun barewa shi kaɗai. Bayan haka Narai ya gina sabuwar fada a Lopburi, can cikin ƙasa arewa da Ayutthaya, inda manyan jiragen ruwa ba sa isa. A nan yake zama mafi yawan watannin shekara, har garin ya zama tamkar babban birni na biyu.

Don rage ƙarfin Holan, ya nemi ƙawance da Faransa. 'Yan mishan na Faransa sun fara isowa a 1662 ƙarƙashin Pierre Lambert de la Motte, sarki ya ba su fili suka gina coci da makaranta. A shekarun 1680 wani mutumin Girka mai suna Constantine Phaulkon ya samu shiga wurin sarki, ya zama mai faɗa a ji kan kasuwanci da harkokin waje, shi ne kuma ya fi tura zancen abota da Sarki Louis na 14. A zamanin Narai ne aka rubuta Chindamani, littafin koyon karatu da waƙa da ake ɗauka shi ne na farko a harshen Tai, wanda ake danganta shi ga Phra Horathibodi, babban mai duban taurari na fada.

Husufi a wurin mutanen Siyam

A labarin da mutanen Siyam suka gada daga Indiya, Rahu wani aljani ne da ya saci kurɓin ruwan rai madawwami da aka tanadar wa alloli. Rana da wata suka gan shi suka tona masa asiri, sai Vishnu ya jefe shi da makaminsa ya raba shi biyu. Da yake ya riga ya sha ruwan, bai mutu ba, sai ya saura da rabin jiki na sama, yana bin rana da wata don ya rama. Idan ya cim ma wata ya haɗiye shi, watan kan kuɓuta ta inda aka yanke shi. Shi ya sa har yau ake ce wa husufin wata Rahu om chan a harshen Tai, ma'ana Rahu ya guntse wata a baki. A arewa da arewa maso gabashin ƙasar kuwa, cewa ake yi kwaɗo ne ya ci wata. Littattafan addinin Buddha ma sun ambaci Rahu, inda wata ya nemi tsari wurin Buddha, Rahu ya sake shi.

Abin da jama'a ke yi ya biyo bayan wannan imani. Da zarar wata ya fara duhu, sai a fito da ganguna da kuge da tukwanen ƙarfe a yi ta bugawa, masu bindiga su harba sama, domin a firgita Rahu ya saki watan. A ƙauyuka akan bubbuga itatuwa masu 'ya'ya don su yi albarka, mata masu juna biyu kuma kan maƙala allura a tufafinsu don kare abin da ke cikinsu.

A fada kuwa akwai lissafi. Masu duban taurari na sarki suna da ƙa'idojin lissafin tafiyar rana da wata waɗanda asalinsu daga Indiya ne, da su suke tsara kalanda da faɗin lokacin husufi tun kafin ya zo. Husufi alama ce da ake fassarawa game da sarki da ƙasa, don haka sanin lokacinsa aiki ne na hukuma.

Husufin wata na 1685

A 1685 Louis na 14 ya aiko jakada Chevalier de Chaumont, wanda ya miƙa wa Narai wasiƙa ranar 18 ga Oktoba. Tare da shi akwai limaman Katolika shida na ƙungiyar Jesuit, masana lissafi da taurari, waɗanda ke kan hanyarsu ta zuwa Sin: Jean de Fontaney, Guy Tachard, Joachim Bouvet, Jean-François Gerbillon, Louis Le Comte da Claude de Visdelou. Sun zo da madubin hangen nesa da agogo da kayan awo. Da sarki ya ji cewa sun lissafa husufin wata mai zuwa, sai ya ce su kalle shi tare.

An yi kallon ne a wani gidan shaƙatawa na sarki da ke bakin tafkin Thale Chup Son, kilomita kaɗan daga Lopburi, wanda ake kira Kraison Siharat. Husufin ya auku kafin asubar 11 ga Disamba, kuma cikakke ne. An kafa wa sarki madubi a tagarsa, limaman suka zauna kusa da shi da nasu kayan aiki, fadawa kuma suna ƙasa a durƙushe bisa al'adar fada. Zama kusa da sarki haka alfarma ce da ba a saba yi wa kowa ba.

Tachard ya ba da labarin daren a littafinsa Voyage de Siam na 1686, tare da zanen taron. Ya ce sarki ya yi ta tambayoyi: me ya sa wata ke bayyana a kife cikin madubi, me ya sa ake iya ganin ɓangaren da ya shiga inuwa, ƙarfe nawa ne a Paris a lokacin, kuma mene ne amfanin kallon abu ɗaya daga wurare biyu masu nisa. Tambayar ƙarshe ita ce ainihin aikin limaman. Husufin wata yana aukuwa ne idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi, kuma duk wanda wata ke sama a wurinsa yana ganin abin a lokaci guda. Idan aka rubuta sa'ar da aka gan shi a Lopburi da sa'ar da aka gan shi a Paris, bambancin sa'o'in zai nuna nisan gabas da yamma tsakanin garuruwan, domin kowace sa'a ɗaya daidai take da digiri 15. Tsakanin Paris da Lopburi akwai kimanin sa'o'i shida da rabi, wato wajen digiri 98. Da wannan awo aka gyara matsayin Siyam a taswirar Turai.

Tachard ya kuma rubuta abin da ya ji daga mutanen ƙasa. Ya ce limaman Buddha suna koyar da cewa wani dodo ne ke haɗiye wata sannan ya amayar da shi, kuma idan aka tambaye su yadda masana ke iya faɗin lokacin tun da wuri, sai su amsa cewa dodon yana da ƙayyadadden lokacin cin abinci, wanda ya san lokacin da yawan cinsa zai san husufi. Ya kuma ambaci cewa wani Brahman mai duban taurari a Lopburi ya lissafa husufin da kuskuren kusan kwatan sa'a kawai, ko da yake ya yi kure wajen lokacin ƙarewarsa. Wannan ya nuna cewa labarin Rahu da lissafi suna zaune tare a Siyam ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

Simon de la Loubère, jakadan da ya zo a 1687, ya maimaita batun dodon da bugun tukwane a littafinsa Du Royaume de Siam na 1691. Ya kuma kai Paris wani rubutu na ƙa'idojin lissafin taurari na Siyam, wanda Giovanni Domenico Cassini, shugaban gidan nazarin taurari na birnin, ya warware. Cassini ya gano cewa lissafin yana farawa daga shekarar 638 Miladiyya. Ta wannan hanya ne masanan Turai suka fara sanin tsarin lissafin taurari irin na Indiya.

Addini da siyasa

Faransawa sun ɗauki sha'awar sarki ga kimiyya a matsayin alamar cewa yana dab da karɓar Kiristanci, abin da Chaumont ya zo nema ke nan tun farko. Narai ya ƙi cikin ladabi. Bisa rahoton Faransawan, ya amsa cewa da Mahalicci ya so mutane su bi addini ɗaya, da ya halicce su a kan haka, kuma ba zai bar addinin da ƙasarsa ta riƙe sama da shekara 2,000 ba. Jakadun Shah Sulaiman na Farisa, waɗanda suka zo a wannan tsakani kuma labarin tafiyarsu ke cikin littafin Safine-ye Solaymani, su ma sun same shi a kan addininsa. Abin da ya nema daga Faransa shi ne ƙarin masana taurari da gidan nazarinsu.

A ƙarshen 1685 ya aika tawaga ƙarƙashin Kosa Pan, Tachard na tare da su, Louis na 14 ya karɓe su a Versailles ranar 1 ga Satumba, 1686. Sun dawo a 1687 da limaman Jesuit 14 da kuma ɗaruruwan sojoji ƙarƙashin Janar Desfarges, waɗanda aka girke a Bangkok da Mergui. An gina wa limaman gida da hasumiyar kallon taurari a Lopburi, wurin da ake kira Wat San Paulo. Zuwan sojojin ya tayar da hankalin manyan fadawa da limaman Buddha, waɗanda suka ga cewa baƙi suna neman mallake ƙasa da addini.

Rashin lafiya da rasuwa

Ranar 30 ga Afrilu, 1688, Narai ya sake kallon husufi tare da limaman a Lopburi, wannan karon na rana. A lokacin ba shi da lafiya, kuma ba shi da ɗa namiji da aka tsayar magaji, sai 'yarsa Yothathep. A watan Mayu, Phetracha, shugaban rundunar giwaye, ya ƙwace fadar Lopburi ya tsare sarki a ɗakinsa. An kashe Phra Pi, ɗan riƙon sarki, an kashe Phaulkon ranar 5 ga Yuni, aka kuma kashe 'yan'uwan sarki maza biyu. Narai ya rasu ranar 11 ga Yuli, 1688, Phetracha ya hau karaga. An yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Bangkok har suka fice a watan Nuwamba, aikin nazarin taurari na Lopburi ya tsaya.

Abin da ya bari

Mutanen Tailan suna kiransa Narai Mai Girma, kuma kowane watan Fabrairu ana bikin tunawa da shi a Lopburi. Fadarsa ta zama gidan tarihi, kangon Kraison Siharat da na hasumiyar Wat San Paulo suna nan ana ziyarta. Bayan shekara 180 da rasuwarsa, Sarki Mongkut ya lissafa husufin rana na 18 ga Agusta, 1868, ya gayyaci Turawa suka kalla tare da shi a Wa Ko, ranar da yanzu ita ce ranar kimiyya ta ƙasa. Girmama Rahu ma bai gushe ba: a wurin ibada na Wat Srisa Thong da ke lardin Nakhon Pathom, mutane suna kai masa baƙaƙen abinci iri takwas, kuma cunkoso kan ƙaru a daren husufi.