Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Malam Aminu Kano (1920–1983)

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga watan Agusta, 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne, ya yi aikin muhuti a kotun alƙali, kuma zuriyarsu ta Fulanin Gyanawa ta shahara da alƙalanci. Ashe ke nan wanda ya ƙare rayuwarsa yana jayayya da tsarin En'e ɗan cikin gida ne, ya san zauren shari'a da fada tun yana yaro.

Bayan karatun allo ya shiga firamare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur suna tattauna halin da Arewa take ciki. A 1946 aka tura shi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma kai shi kwalejin horon malamai ta Maru, wadda yanzu take Jihar Zamfara. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa.

A wannan shekarar ce, ranar 8 ga Agusta, wasu matasa takwas suka kafa Jam'iyyar Neman Sawaba, wato NEPU, a Kano, kuma a 1953 Malam ya zama shugabanta. A ɗaya ɓangaren akwai Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, wadda Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello ya jagoranta. Iyayenmu na karkara sun fi sanin su da alamunsu: tauraro da fartanya.

Mene ne ya raba su? Mutanen Malam, masu ra'ayin sauyi, sun tsaya a kan cewa mulki na jama'a ne, don haka talaka ya zaɓi wakilinsa da hannunsa. Sun nemi a raba sarauta da shari'a, domin a lokacin kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk suna ƙarƙashin En'e, wanda ya kama ka shi ne ubangidan wanda zai yi maka hukunci. Sun yi ƙorafi a kan aikin tilas, da yadda ake karɓar haraji da jangali, da hana mutum faɗar albarkacin bakinsa. Sun kuma nemi a ilimantar da mata a ba su ƙuri'a, abin da ya jawo wa Hajiya Gambo Sawaba ɗauri ba sau ɗaya ba.

Masu ra'ayin riƙau su ma suna da hujjarsu, kuma bai kamata mu tauye ta ba. A ganinsu Arewa tana baya ƙwarai a ilimin boko, in aka rushe martabar sarakuna da gaggawa babu abin da zai riƙe jama'a wuri guda, kuma rarrabuwar kai za ta miƙa ragamar ƙasa ga 'yan Kudu. Sun zaɓi gyara a hankali daga ciki. Shi kansa Tafawa Ɓalewa a 1950 ya gabatar da ƙudurin gyaran En'e a majalisar Arewa, gwamnatin Sardauna kuma ita ce ta cika ma'aikatu da 'yan Arewa, ta kafa jami'a a Zariya a 1962. Abin lura shi ne, kowane ɓangare yana jingina da gadon Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Waɗancan suna kallon daular da ya bari, Malam kuwa yana kallon dalilin da ya sa Shehu ya tashi, wato yaƙi da zalunci. Shi ya sa ƙoƙarin da aka yi na shafa masa baƙin fenti da sunan addini bai kama shi sosai ba, don mai tafsiri ne, kuma yana cikin waɗanda suka yaɗa makarantun Islamiyya a Kano.

Fafatawar ba ta zo da sauƙi ba. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a Kano, amma En'e tana da ikon cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, sai aka tashi ba ta da kujera ko ɗaya. Magoya bayanta da dama sun sha bulala da ɗauri a ƙauyuka. Malam ya faɗi zaɓen majalisar tarayya a 1954, ya ci a 1959, ya sake faɗi a 1964.

Wani abin mamaki, yawancin buƙatunsa a hannun soja suka tabbata. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, daga nan gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo majalisun da muke aiki da su. Matan Arewa sun jefa ƙuri'a a babban zaɓen 1979. Shi kuwa ya riƙe kwamishinan tarayya na sadarwa daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974.

A 1978 ya kafa PRP mai alamar makulli. Bai ci shugabancin ƙasa ba a 1979, amma jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna, inda Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ba a jima ba jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, har wasu almajiransa suka riƙa ganin Malam ya cika sassauci. Wannan rabuwa ta ɓata masa shekarunsa na ƙarshe.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓen da ya ɗauki mace, Misis Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.