PAUL VILLARD, BATUREN DA YA GANO HASKE WANI YA RAƊA MASA SUNA

Mutumin Kurudu ko Karu da ya ɗauki hanyar Lakwaja, idan ya wuce Gwagwalada zai iso Sheda, inda Gwamnatin Tarayya ta gina wata ma'aikata domin haska kayan abinci da kayan asibiti da wani haske da ido ba ya gani, don a kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta, a kuma hana doya da albasa tsiro. Sunan wannan haske gamma. To, yau ga tarihin mutumin da ya fara gano shi, wanda ko a ƙasarsu ma ba kowa ya san shi ba.

An haifi Paul Villard ran 28 ga watan Satumba 1860 a wani ƙauye kusa da birnin Liyon na ƙasar Faransa. A cikin 1881 ya shiga babbar makarantar horon malamai ta Faris, da ya fito kuwa sai aka tura shi koyarwa a makarantun sakandare na larduna, har ya dangana da garin Montpellier. A can ne ya fara binciken yadda iskar gas ke haɗuwa da ruwa ta daskare kamar ƙanƙara idan aka matse ta cikin sanyi. Mutane sun ɗauki wannan aiki wasan malamai ne kawai, sai daga baya aka gane irin wannan ƙanƙara ce ke toshe bututun gas.

Villard ya gaji 'yar dukiya, ba mai yawa ba amma ta ishe shi ci da sha. Sai ya ajiye alli ya koma Faris, aka ba shi gurbi a ɗakin binciken tsohuwar makarantarsa. Mutum ne mai son kaɗaici, ba ruwansa da neman muƙami ko suna, yawancin ayyukansa shi kaɗai ya yi su.

A farkon 1900 Pierre Curie da matarsa Marie suka ba shi ɗan gishirin radiyam, watau sinadarin nan da suka gano a 1898. A lokacin masana sun san iri biyu na abin da ke fita daga irin waɗannan sinadarai. Na farko, alfa, ko takarda tana tare shi. Na biyu, beta, ya fi shi ƙarfin ratsawa amma maganaɗisu yana karkatar da shi. Villard ya zuba radiyam ɗin cikin mazubin dalma mai 'yar ƙofa, ya rufe ƙofar da fallen dalma don ya tare alfa, ya kawo maganaɗisu, sa'an nan ya ajiye farantin ɗaukar hoto a gaba. Da ya wanke farantin sai ya ga tabo biyu. Ɗaya ya karkace, wannan beta ke nan. Ɗaya kuwa ya miƙe sak, maganaɗisu bai yi masa komai ba, dalma ma ba ta tare shi ba. Cikin watan Afrilu na wannan shekara ya gabatar da takardu biyu ga Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, ya nuna cewa akwai iri na uku, kuma a ganinsa ɗan'uwan hasken nan ne da likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi.

Gaskiyarsa kuwa. Amma abin mamaki, bai raɗa wa abin suna ba, bai kuma ci gaba da binsa ba. Hankalin masana duk yana kan beta, aka bar nasa a gefe. Sai a 1903 Ernest Rutherford, mutumin New Zealand da ke aiki a Kanada, ya kira shi gamma, harafi na uku a baƙaƙen Girka. Shi ya sa har yau ɗalibai da yawa ke zaton Rutherford ne ya gano shi. A ganinmu Villard yana da nasa laifin, domin wanda ya haifi ɗa ya ƙi zuwa wurin suna, kada ya yi fushi in an kira yaron ɗan maƙwabci. A 1914 Rutherford da Andrade suka tabbatar cewa gamma haske ne, kamar yadda Villard ya zata.

An zaɓe shi cikin Majalisar Masana a 1908, a shekarar ce kuma ya kawo shawarar yadda za a riƙa auna yawan hasken hoton ƙashi, don kada a ƙona majinyaci. Ya mutu ran 13 ga Janairu 1934 a garin Bayonne.

Bayan mutuwarsa da shekara 33 sai haskensa ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Amurka ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela don su yi gadin yarjejeniyar 1963 da ta hana gwajin bam ɗin nukiliya a sama. Ran 2 ga Yuli 1967 suka ji wata walƙiyar gamma wadda ba ta yi kama da ta bam ba. Sai a 1973 masanan Los Alamos suka bayyana wa duniya irinta guda 16, suka nuna ba daga ƙasa ko rana suka fito ba. Tauraron Compton da aka harba a 1991 ya ƙirga fiye da 2,700 cikin shekara tara, daga kowace kusurwa ta sama. Da aka tantance ƙarfin hasken sai aka ga iri biyu ne: gajeru da ba su kai daƙiƙa biyu ba, waɗanda haskensu ya fi kaifi, da dogaye masu ɗan sauƙi. Dogayen galibi mutuwar manyan taurari ce, gajerun kuwa karon gawarwakin taurari biyu, kamar wanda aka gani ran 17 ga Agusta 2017.

Mafi ƙarfi da aka taɓa gani ta iso ran 9 ga Oktoba 2022, bayan tafiyar wajen shekara miliyan dubu biyu. Duk da wannan nisa, sai da ta dushe idon na'urorin taurari da dama, ta kuma girgiza iskar can ƙololuwar samaniyarmu wadda saƙon rediyo ke bi.