Henry Bates, Masanin Ƙwari Masu Dogon Ƙaho

Duk wanda ya taɓa faskare a Kafanchan ko Kagoro ya san farar tsutsar nan mai ƙiba da a kan tarar cikin busasshen itace. Ita ce ke rikiɗa ta zama ƙwaron nan mai ƙahoni biyu dogaye, waɗanda sau da yawa su kan fi jikinsa tsawo. Cikin mutanen da suka rarrabe dangin wannan ƙwaro, kaɗan ne suka kai wani Bature mai suna Henry Walter Bates.

An haife shi a Leicester, cikin ƙasar Ingila, ran 8 ga Fabrairu, 1825. Yana da shekara 13 ya bar makaranta, aka sa shi koyon sana'a wurin mai yin safa. Tun safe ya ke aiki har dare, amma in ya tashi sai ya tafi karatun yamma, ran hutu kuwa ya shiga daji neman ƙwari. A 1844 ya gamu da wani malamin makaranta, Alfred Wallace, suka ƙulla abuta. A 1848 suka shiga jirgin ruwa zuwa kogin Amazon na ƙasar Barazil. Ba su da dukiya, sai dai su kama ƙwari su aika Landan a sayar, su ci abinci da kuɗin.

Wallace ya juya gida a 1852, jirginsa ya kama wuta a teku, yawancin abin da ya tara ya ƙone. Bates kuwa ya zauna har shekara 11. Ya sha fama da shawara da zazzaɓi da kewa, bai fasa ba. Kowane ƙwaro ya kama sai ya rubuta inda ya same shi da irin halinsa. Da zai komo a 1859 sai ya raba kayansa cikin jirage uku, don kada abin da ya sami abokinsa ya same shi. Iri-irin halittun da ya tara sun kai 14,712, wajen 8,000 kuwa masana ba su san su ba kafin nan.

Can ne ya lura cewa waɗansu ƙwari marasa dafi su kan yi kama da masu dafi ko masu ɗaci, tsuntsaye su ƙyale su. A kan malam-buɗe-littafi ya fara bayyana wannan, amma akwai masu dogon ƙaho da su ke kwaikwayon rina, har yau kuma da sunansa a ke kiran wannan dabara. Darwin ya ƙarfafa shi ya rubuta labarin tafiyarsa, littafin ya fito a 1863.

Daga 1864 ya zama mataimakin magatakarda na Ƙungiyar Masanan Labarin Ƙasa a Landan, amma bai rabu da ƙwari ba. Tun 1802 wani Bafaranshe, Latreille, ya raɗa wa dangin masu dogon ƙaho suna Cerambycidae, sai dai yawansu ya sa rarrabe su ya yi wuya. Bates ya bi na Amazon da na Amurka ta Tsakiya ɗaya-ɗaya, yana duba ƙaho da fuska da ƙafa, ya ba ɗaruruwa suna. Yau an san iri fiye da 35,000. Akwai manya masu ƙayoyi a gefen ƙirji, masu fitowa da dare, cikinsu har da ƙaton Amazon mai tsawon inci 6 da rabi. Akwai kuma masu fuska a miƙe tana duban ƙasa, su ne suka fi yawa. Bates ya rasu ran 16 ga Fabrairu, 1892.

To, ina amfanin wannan gare mu? Cikin masu miƙaƙƙiyar fuskar nan akwai wani baƙi mai ratsi uku ja-ja, wanda ke gurgure bawon reshen yazawa a gonakin Nijeriya, ya kewaye shi har reshen ya bushe, sa'an nan ya yi ƙwai a ciki. Manomin da ya gane shi zai tattara rassan ya ƙone, ya tsirar da gonarsa. Wanda bai gane shi ba sai ya ɗora wa iska laifi.

'Yan'uwana masu shirin zama malamai, kada mu ce sai da manyan kayan aiki a ke koyar da ilmin halitta. Kwalba da littafin rubutu da ido mai lura sun isa a fara. Mu kai yara bakin kurmin Nindam kusa da Kagoro, ko gindin mangwaron makaranta, su kama, su zana, su tambayi dattawa sunan kowane ƙwaro da Hausa da Jju da Tyap, su rubuta. Da irin wannan Bates ya fara, sannu kuwa ba ta hana zuwa.